Firjin da Ke Zazzaɓi Ranar Talata

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Jiya wani saurayi ya tsaya a bakin shagona, waya a hannu, yana gaya mini wai aikin sola ba wani abu ba ne: a haɗa waya ja da ja, baƙi da baƙi, an gama. A waya ya gani, cikin minti goma. Na ce madalla, Allah ya ƙara basira. Sai na jawo wani tsohon akwatin haɗi da ya ƙone na miƙa masa, na ce ya faɗa mini abin da ya cinye shi. Ya juya shi gaba, ya juya shi baya, ya shinshina, ya ce ƙila wuta ce. To da ma na ce maka ruwa ne? Saboda shi da ire-irensa na zauna na rubuta wannan, ku ji yadda muka koyi aikin nan a Zuru tun kafin a san ana koyon sana'a a waya.

Bari in fara da akwatin kansa, don kada wani ya ɓace a hanya. Farantan sola suna shan rana a kan rufi ko a kan ƙafafun ƙarfe, kowane jeri da wayoyinsa biyu. Wayoyin nan ba sa zarcewa wurin batir kai tsaye. Sai sun taru a cikin wani ɗan akwati da bai fi tiren shayi faɗi ba, kowace waya ta bi ta fis ɗinta, a ɗaure ta da noti a jikin sandar tagulla, sannan wutar ta fita ta manyan wayoyi biyu. Shi ne akwatin haɗi. Ba shi da kyan gani, ba wanda yake tsayawa a gabansa a ɗauke shi hoto, amma duk wutar wurin ta nan take bi. In ka ji an ce sola ta mutu, kafin ka zagi faranti ko batir, je ka buɗe shi. Har yau, da furfurata, in na sa hannu zan buɗe akwatin da ban taɓa gani ba, sai in ji zuciyata tana tsalle don ɗokin abin da zan tarar.

Ni da gyaran rediyo na fara, da ɗan teburina a kasuwar Zuru, ina da mata da 'ya'ya biyu. Daf da teburin akwai shagon Oga Emeka, mutumin Ibo mai sayar da waya da ƙwan fitila, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. A farkon shekarun dubu biyu ƙungiyoyi suka fara kai sola ƙauyuka, wani wuri don famfon burtsatse, wani wuri don firjin asibiti, shi kuma ya je Kaduna ya koyo haɗawa. Ranar da na ga ya jingina faranti ɗaya a rana, ya taɓa waya biyu a jikin ƙwan mota ya kama, ba janareta, ba mai, ba ƙara, sai na bar rediyon mutane a buɗe na bi shi. Mutanenmu sun san golmo, noman da saurayi yake yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata. To ni golmon sola na yi, shekara huɗu ina ɗaukar tsani. Da na gama ba mata aka ba ni ba, sukundireba aka ba ni, mai jan mariƙi da zoben tagulla a wuya.

Aikin farko da na bi shi, famfon wani ƙauye ne bayan Dabai da ya daina jan ruwa. Muna isa na yi wuf na buɗe akwatin, na kai hannu zan kwance waya, don in nuna masa ni ma ba baƙon wuta ba ne. Ya buge mini hannu da ƙarfi.

"Danlami, kai kana iya kashe rana? Nuna mini inda makunnin shi yake."

Ya sa na hau na lulluɓe farantan da buhuna, ɗaya bayan ɗaya. A nan na koyi cewa wutar sola ba irin ta gari ba ce. In ta kama tartsatsi ba ta saki, haka za ta yi ta ci har sai ka raba ta da rana. Da muka leƙa ciki, ashe zanzaro ne ya shiga ta wata kafa da aka bari a buɗe, ya gina ɗakinsa na laka tsakanin sandunan tagulla biyu. Da rani lafiya lau. Da laima ta zo, lakar ta jiƙe, wuta ta samu gada. Ɗan ƙwaron nan shi ya hana gari guda ruwa kwana tara. Oga ya kankare lakar, ya toshe kafar, ya jera mini ƙa'idarsa da har yanzu nake bi. Hanci tukuna, ko akwai ƙaurin roba. Sai ido, ko tagulla ta yi baƙi ko roba ta narke. Sai bayan hannu a jikin murfi da tsakar rana, don noti mai kwance zafi yake yi. Mita, na'urar gwada wuta, ita ce ta ƙarshe, a gwada kowane jeri shi kaɗai. Ya ce wanda ya fara da mita bai san abin da yake nema ba.

Masu kaya kuwa, Allah ya ba mu haƙuri da su. Na taɓa zuwa wani gida a hanyar Danko, fis ya ƙone, maigidan ya naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli ya mayar, har yana yi mini alfahari wai ya yi mini rabin aiki. Fis fa mai gadi ne, ya ƙone ne don kada akwati ya ƙone, shi kuma ya kori mai gadin. Wani ya shigo da waya ta saman akwati maimakon ta ƙasa, ruwan sama ya riƙa bin wayar yana tsiyaya ciki kamar indararo. Wata baiwar Allah kuma a ciki take ɓoye ashana da gishiri, don ta ga wurin da murfi. Duk waɗannan da ka buɗe ka gane. Wanda ya kusa haukata ni daban ne, kuma a mummunar shekara ya zo.

Shekarar nan damina ta sauka da tsawa irin wadda ban taɓa ji ba. Akwatuna da yawa da wasu suka haɗa ba tare da sun kafa sandar ƙarfe a ƙasa ba, wadda take kai wutar aradu cikin ƙasa, suka ƙone ƙurmus. Maganar da ta bazu a kasuwa ita ce sola ƙarya ce, kayan Turawa ne da ba sa jure ƙasarmu. A shekarar ce kuma Oga Emeka ya koma gida saboda jinyar mahaifiyarsa, ya bar mini wuraren da muke kula da su. Cikinsu akwai wanda na fi ji da shi, don ni na haɗa shi da hannuna daga farko har ƙarshe: ɗan asibitin wani ƙauye a kan dutse, tsakanin Dabai da Danko, tafiyar awa ɗaya da rabi a babur in hanya ta yi kyau. Farantai takwas ne, da batir huɗu, da firji ɗaya. A cikin firjin ake ajiye allurar rigakafin yara da maganin saran maciji. Kafin a kawo shi, mata da goyo suke saukowa har Zuru, wasu ma ba sa zuwa. Manomi kuwa in maciji ya sare shi, sai dai a ɗora shi a babur ana addu'a.

Mai kula da asibitin Sista Rifkatu ce, mace mai zafin nama da ba ta son wasa a aiki. Safe da yamma tana duba ma'aunin sanyi ta rubuta a wata takarda da ke manne a ƙofar firjin. Wata Laraba aka kawo mini saƙonta a hannun ɗan acaɓa, layi ɗaya: firji ya yi zazzaɓi jiya, ka zo. Wato firjin ya yi ɗumi. Ta riga ta kwashe allurar a kular ƙanƙara ta aiko da ita Zuru don kada ta lalace.

Na hau babur na tafi ina murna, don ni aikin da ya gagara shi nake so. Na lulluɓe farantai, na buɗe akwati. Ba zanzaro, ba ruwa, ba ko yanar gizo. Tagullar sai walƙiya take, har na ji daɗi a raina na ce lalle mun sayi kaya masu kyau. Amma akwai ɗan ƙauri, fis biyu sun ƙone, noti uku kuma da yatsa na juya su. Na ce zafin rana da sanyin dare ne suka kwance su, hakan yana faruwa. Na ɗaure, na canza fis, na gwada jeri-jeri, batir ya fara cika. Na gaya wa Sista an gama, ta sa a dawo da allurarta.

Laraba mai zuwa ɗan acaɓan nan ya sake tsayawa a bakin shagona. Firji ya yi zazzaɓi jiya.

Wannan karon na ɗora laifin a kan fis. Na je na tasa wanda na saya a hannunsa da faɗa, na ce jabu ya sayar mini, mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na aika Kwantagora aka kawo mini wasu. Na sake ɗaure notin, har na ɗiga wa kowanne jan fenti don in gane in ya motsa. Mako na uku, Talata, zazzaɓi. Na buɗe akwati, notin a kwance, fentin da na ɗiga kuwa babu shi babu alamarsa. Na tsaya ina kallon tagullar nan mai sheƙi. Ni mutum ne da ba ya yarda da maganar iskoki a aikin wuta, amma ranar sai da na waiga bayana.

A wannan karon ruwa ya cika rafi, babur ɗin da zai kai allura Zuru bai samu wucewa da wuri ba, allurar ƙyanda ta kwali guda ta lalace. Sista ta nuna mini takardar da ƙungiyar da ta ba da firjin ta aiko. Jami'insu zai zo ranar Alhamis ta mako mai zuwa. In ya tarar da wani sabon zazzaɓi, ko ba a gano dalili ba, za a ɗauke firjin a kai inda za a iya riƙe shi.

"Malam Danlami," in ji ta, "matan nan sai da munka yi shekara muna lallashi kahin su yarda su kawo ɗiyansu. In anka ɗauke firjin ga, mi zan ce musu? Ga noma ya kankama, ga macizai."

Na ce ta ba ni takardar sanyin nan in duba. Na zauna a kan benci na jera makonnin uku. Laraba bayan gyara lafiya, Alhamis lafiya, Juma'a, Asabar, Lahadi, duk lafiya. Litinin da yamma ya fara ɗumi, Talata ya haye. Sau uku, rana ɗaya. Tsawa ba ta san Talata ba, zafin rana ma haka. Sai wata maganar Oga ta faɗo mini: batir yana rufa wa matsala asiri. In wuta ta daina shigowa, firji ba ya nunawa nan take, sai ya cinye abin da ke cikin batir, kuma namu yana kai kwana uku. Na ƙirga baya da yatsu. Talata, Litinin, Lahadi, Asabar. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba, na kusa kifar da bencin.

"Sista, me ake yi a nan ranar Asabar?"

"Ba komi. Ni ma gida nika zuwa. Baba Samanja kaɗai ka nan, shina shara."

Baba Samanja tsohon soja ne, irin waɗanda kusan kowane gida a ƙasarmu yana da guda. Da ya yi ritaya ya dawo ƙauyensu, ya ɗauki gadin asibitin ba wanda ya sa shi. Shi ya jera duwatsu a bakin hanya ya shafa musu farar ƙasa. In ka zubar da ɓawon gyaɗa a harabar nan, sai ka tsince shi yana tsaye a kanka. Da damina ta fara, ni da kaina na ba shi makulli ɗaya na akwatin, don in an yi ruwa mai ƙarfi ya leƙa ko ya shiga. Da na tuna haka sai zatona ya koma kansa. Amma ban ce wa Sista komai ba, don ba a ɗora wa dattijo laifi da zato.

Ranar Asabar na yi asubanci, na ajiye babur a gindin dutse na hau da ƙafa. Rana ta ɗan ɗago. Abin da na gani ba zan manta da shi ba har in mutu. Akwatin a buɗe, wayoyi suna reto a iska. Baba Samanja yana zaune a kan tabarma cikin tsohuwar rigarsa ta kaki, an goge ta da sitati har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a gabansa, ya jera sandunan tagulla, da noti, da fis, layi-layi, manya gaba, ƙanana baya. Ga gwangwanin man goge tagulla, ga tsumma. Yana goge sanda ɗaya yana rera waƙar maci a hankali. Dariya ta taso mini, tsoro ya danne ta, don farantan a buɗe suke, wayoyin nan kuma da wuta a jikinsu.

"Baba, ina kwana? Don Allah kada ka motsa, kada ka taɓa wayar can."

"A'a, Injiniya! Lahiya lau. Ka zo duba aiki? Madalla. Kar ka damu, wani lokaci shina cizo kaɗan, amma mun saba."

Ya nuna mini yatsunsa, duk tabon ƙuna. Na ruga na lulluɓe farantan. Da na sauko na durƙusa kusa da shi na tambaye shi me ya sa yake kwance kayan.

"Ɗana, shekara talatin ina soja. A bariki duk Asabar ana goge tagulla, maɓalli, kan bel, ƙararrawa, har mariƙin ƙofa. Ranar da ka ba ni makulli na buɗe, na ga abin nan ya dushe, kunya ya kama ni. Kayan da ke tsare ran yara, a bar shi haka? Ba a gabana ba."

Na tambaye shi da me yake ɗaure notin in ya gama. Ya zaro 'yar wuƙar yankan goro. Na tambayi jan fentin da na ɗiga. Ya ce wani mara tarbiyya ne ya ɓata kayan da fenti, sai da ya sha wuya kafin ya fita. Sannan ya ɗauko wani abu cikin alfahari. Ƙarƙashin kowane noti akwai ɗan zobe na ƙarfe da aka tsaga aka ɗan karkata shi da gangan, shi yake danne notin kada ya kwance in ƙarfe ya yi zafi ya huce. Baba ya ga zobban a karkace, ya ce kamfani ne ya yi aikin banza. Ya ɗora su a kan dutse ya daddale su da guduma, ɗaya bayan ɗaya, har suka miƙe sumul.

"Soja ba ya tsayawa a karkace," in ji shi.

A nan dariyar ta ƙwace mini. Na yi ta yi har da hawaye, rabi don abin dariya ne, rabi don daɗin na kama ɓarawon da ya hana ni sukuni mako uku. Ku da kuke cewa ja da ja, wace waya ce za ta nuna muku wannan? Amma da na fara yi masa bayani dariyar ta tsaya. Na nuna masa yadda man gogewar yake barin wani siririn maiƙo da ke tare wuta, yadda noti mai kwance yake zafi har fis ya ƙone, yadda batir yake ɓoye abin sai Talata. Fuskarsa ta canza. Ya ajiye tsumman.

"Allurar da ya lalace, ni ne?"

Na ce ni ne na ba shi makulli ban koya masa komai ba, kuma gaskiya ce. Bai karɓi wannan ba. Ya naɗe farin ƙyallensa a hankali, ya miƙo mini makullin.

Ban karɓa ba. A lokacin nan wani tunani ya zo mini wanda har yau nake ganin shi ne mafi kyawun aikin da na taɓa yi, ya fi duk wayar da na ɗaure. Akwatunan da nake kula da su, abin da ke kashe su ɗaya ne, ba mai leƙa su sai sun ƙone. Ga mutum a nan da ba ya fashin Asabar ko ana ruwan ƙanƙara. Na wanke tagullar tas, na sa sababbin zobba daga jakata, na ɗaure komai. Sannan na zaro sukundirebar da Oga ya ba ni na ɗora masa a hannu. Na ce, "Baba, ga sabuwar oda." Nan take ya gyara tsayuwa. Na koya masa yadda aka koya mini. Da tsakar rana a taɓa murfi da bayan hannu. A lulluɓe farantai kafin a buɗe. A shinshina, a duba ƙwaro da laima, a gwada kowane noti ko ya kwance, a toshe duk kafar da ta buɗe. Tagulla kuwa ba a taɓa ta da mai har abada. In hannunsa yana ƙaiƙayin gogewa, ga gilashin farantai nan, ya goge su da ruwa da tsumma har ya ga fuskarsa. Na sa ya maimaita sau uku, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Talata ta zo ta wuce, ɗan acaɓa bai zo ba. Ranar Alhamis na riga jami'in isa. Mutum ne mai gilashi, mara yawan magana, ya zo da mota da mutum biyu na ɗaukar kaya, alamar ya riga ya yanke shawara. Mata sun ji labari sun taru a ƙarƙashin bishiya da goyonsu. Ya duba takardar sanyi, ya ga jan layi uku da Sista ta ja a ranakun zazzaɓi, ya juyo gare ni ya ce mene ne dalili. Na riga na shirya abin da zan faɗa tun a hanya: noti ne suka kwance, laifin mai haɗawa ne, an gyara. Ba ƙarya ba ce, kuma sunan dattijo ba zai fito ba. Na buɗe baki ke nan sai na ji ƙarar takalmi a bayana. Baba Samanja ya taka uku, ya ƙame, ya sara.

"Ranka shi daɗe, ni ne. Na goge kayan da ba a ce in goge ba, allura ya lalace. Injiniya ba shi da laihi, Sista ba shi da laihi. A hukunta ni, a bar wa yara firji."

Jami'in ya dube shi, ya dube ni. Ya ce to ai wannan ya fi muni, wurin da kowa yake sa hannu a kaya ba wurin ajiye firji ba ne. Ɗaya daga masu ɗaukar kaya har ya fara naɗe hannun riga. Ni kuma bakina ya ƙi rufuwa. Na ce ranka ya daɗe, kafin a taɓa komai a ba mu minti goma. Na juya na ce, "Baba, a duba akwati."

Tsohon nan ya yi abin kamar a filin fareti. Ya taɓa murfi da bayan hannu, ya ce, "Sanyi." Ya hau tsani da ƙafafunsa na shekara saba'in ya lulluɓe farantai takwas. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce, "Ba ƙauri." Ya bi noti ɗaya bayan ɗaya da sukundireba yana kiran lambarsu. A na ƙarshe ya tsaya, ya sunkuya, ya zaƙulo wani ɗan dunƙulen laka ɗanye daga kusurwar ƙasa, inda zanzaro ya fara gini a bakin kafar waya. Ni kaina da safen nan na duba ban gan shi ba. Ya ɗora shi a tafin hannu ya kai wa jami'in har gabansa.

"Abokin gaba ɗaya, ranka shi daɗe. An kama shi."

Jami'in ya cire gilashinsa ya goge. Ya tambaye ni wurare nawa nake kula da su da ake yi musu irin wannan duk mako. Na ce wannan kaɗai. Sai ya ce ya ba mu wata ɗaya, in aka sake jan layi ko ɗaya za a ɗauke firjin, ba sai an yi magana ba. Motar ta juya ba firji a bayanta. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, Sista Rifkatu da ba ta son wasa har da ɗan taka rawa. Ni kuwa a hanyar komawa waƙar macin Baba na yi ta rerawa a kan babur, ban ma san baitinta ba.

Wata ya cika ba jan layi, shekara ta cika babu. A daminar nan manoma biyu aka kawo da saran maciji, dukansu da ƙafarsu suka koma gida. Duk lokacin da na je, sai Baba ya buɗe mini akwatin, ya dubi tagullar da ta dushe ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa, ya ce, "Ba kyan gani, amma oda ne." Farantan kuwa tun daga gindin dutse suke kashe maka ido. Daga kansa na canza yadda nake aiki. Duk inda na haɗa akwati, ba na tafiya sai na nemi mutum ɗaya mai naci na koya masa duban Asabar, kuma a ƙasar Zuru ba a rasa tsohon soja.

Shekara shida ya yi yana wannan duba. Bayan an yi jana'izarsa da kwana kaɗan, 'yarsa ta zo shagona da wani abu naɗe a farin ƙyalle. Ta ce Asabar ɗin ƙarshe ƙafa ta hana shi hawa tsani, sai ya sa aka kai masa kujera gindin akwatin, ya zauna yana ba jikanyarsa oda har ta gama, makulli kuma yana hannun jikanyar yanzu. Wannan ne ya ce a mayar wa Injiniya. Na buɗe ƙyallen. Sukundirebar ce. Jan mariƙin ya koɗe, amma zoben tagullar nan na wuyanta sai walƙiya yake, ya sha guga har ya kusa hujewa. Ashe na hana shi duk tagullar da ke cikin akwati, na manta na bar masa guda ɗaya a hannu.